Kitso da Kwarkwata

   

Wani zai ce ana fama da abin da ya fi wannan, mene ne na zaman rubutu a kan gashin kai? Mu ma da haka muka ɗauka, sai da wata ƙara ta iso zauren dattijon da muke riƙe wa alƙalami.

Wata mata ce ta zo da 'yarta, yarinyar ba ta wuce shekara tara ba, tana ƙarar maƙwabciyarta makitsiya. Ta ce tun da matar nan ta fara taɓa kan yarinyar ba ta sake barcin kirki ba. In ta aza kai a matashi sai kuka, gashin goshi yana ta ja da baya, ga kuma wani wuri a tsakiyar kai da ya kumbura, gashinsa ya kakkarye. Ba ta furta kalmar ba, amma duk wanda ke zaune ya san kalmar da take kewayawa. Kafin maganar ta zo zaure ta riga ta gama zagaya unguwa, mata sun janye 'ya'yansu. Ita kuwa makitsiyar mijinta ya rasu, ta baro wajen Sinja da marayu uku a tashin hankalin 2024, ba ta da abin ci da su sai wannan sana'a.

Dattijo bai yanke hukunci ba. Ya sa aka shiga da yarinyar cikin gida, tsofaffin mata suka kwance ɗankwali suka duba. Suka dawo suka ce kitson ya ɗaure har fatar goshi ta ɗago, ƙuraje sun jeru a gindin gashi kamar an shuka su, wurin da ya kumbura kuwa yana da ɓawo fari-fari. Ya ce a kai ta asibiti tukuna, in an dawo a yi shari'a. Likita ya ce abu biyu ne suka haɗu a kai ɗaya: ja, da makero. Ya tambaya ko akwai wani yaro mai irin wannan a gidan. Akwai, ƙanenta ne, kuma mataji ɗaya suke taje kai da shi.

Da aka sake zama, dattijo ya dubi makitsiyar ya ce, "'Yata, makeron dai ba naki ba ne. Amma me ya sa kike ja haka?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, Baba, uwarta ce ta ce in ɗaure shi ya kai wata guda, don ba ta da kuɗin kitso kowane mako. In na sassauta kuma a ce ban iya ba." Uwar ba ta musa ba. Mu da muke rubutawa muka ɗaga alƙalami, don mun rasa sunan wa za mu sa a gurbin mai laifi.

Tun daga ranar muka shiga tambayar masu aikin lafiya da tsofaffin makitsa, abin da muka fahimta kuma shi ne wannan: zafin da ake ji a saiwar gashi saƙo ne, mu kuwa mun koya wa 'ya'yanmu mata su toshe kunne daga jin sa, sa'an nan in gashi ya tafi mu shiga neman wanda ya yi mana asiri.

Likitoci sun ce kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000. Kowane sili yana da ɗan raminsa a cikin fata, kuma a gindin kowane rami akwai ƙananan jijiyoyin ji da suka naɗe shi. Silin gashi shi kansa ba ya jin komai, shi ya sa almakashi ba ya zafi. Saiwar ce mai ji, har ƙuda in ya sauka a kai mutum ya sani. Waɗannan ramuka da su aka haifi mutum, ba a ƙara masa ko ɗaya daga baya. In aka ja gashi aka ɗaure shi a jaye, dare da rana, saiwar takan kumbura, ƙuraje su fito, kai ya yi tsami har taɓa shi ya gagara. Gashin ya zube, ya sake tsirowa, a sake ja, ya sake zubewa. Allah ya yi wa saiwar haƙuri mai yawa, amma haƙurin yana da iyaka. Wata rana ramin zai toshe ya zama tabo, fatar wurin ta yi sumul tana ƙyalli, daga nan kuwa babu karkar, babu man shanu, babu rubutun sha da zai fito da gashi, domin babu inda zai fito. Gashin goshi da na saman kunne su suka fi saurin tafiya, su ne sirara, kuma a kansu makitsiya take kama kitso.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Wata likitar fata a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, ita da abokan aikinta sun duba kawunan jama'a a wata unguwar baƙar fata, suka buga sakamako a 2007. Sun sami irin wannan sanƙo a kashi 31.7 cikin 100 na manyan mata, da kashi 17.1 na 'yan mata 'yan makaranta. Sun kuma lura cewa ya fi yawa ga wadda aka shafa wa man miƙar da gashi sa'an nan aka ɗora kitso mai ja a kai, kuma mafi yawan masu shi sun taɓa jin zafi ko ganin ƙuraje bayan gyaran kai. Wato jiki ya yi gargaɗi, ba a saurara ba. Wanda yake shakka, ya dubi goshin matan gidansu in sun tuɓe ɗankwali, ya ƙirga da kansa.

To me ya hana mu saurara? Dauriya. Mu mutane ne masu alfahari da dauriya, kuma muna da dalili. Da ita kakanninmu suka tako a ƙasa daga Sakkwato da Kano da Haɗeja bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin wannan kogi. Da ita wasu suka yi shekaru a gonakin audugar Jazira suna tara guzurin Makka. Sai dai mun ɗauki wannan hali mai daraja mun kai shi inda ba wurinsa ba. Yarinya tana zaune tsakanin gwiwoyin makitsiya, hawaye na zuba, a dungure ta da kibiya a ce, "Yi mana shiru, raguwa, kyau a banza ake samunsa?" Ta tashi girarta a ɗage, ba ta iya juya wuya, ba ta iya dariya, uwa ta ba ta Panadol ta ce kwana biyu zai saki. Wasu manyan mata ma sukan sha tun kafin su zauna. Haƙuri a kan abin da Allah ya saukar ibada ne. Wanda muka ƙulla da yatsunmu, kuma muke da ikon kwance shi kafin magariba, ba mu ga ladan da ke cikin jure masa ba.

Kada wani ya ce muna yaƙi da kitso. Kitso yana cikin ɗan abin da ya rage mana na gida. Shuku da kalaba da zanen yawo, da dokar da kakanninmu mata suke ba da labari, duk sun ƙetaro tare da mu, kuma yarinyar da Hausarta ta fara gauraya da Larabci takan san sunayensu ko da ta manta wasu kalmomin. A nan kuma muka tarar da mushat na maƙwabtanmu, ƙananan kitso masu yawa da amarya kan kwashe kwanaki ana yi mata, muka karɓa, ya kuma yi mana kyau. Abin da ya sauya shi ne nauyi. Gwargwadon ƙanƙantar kitso, gwargwadon ƙarancin silin da ke ɗauke da shi. In aka ƙara zare ko gashin roba na kasuwa, sai ka ga sili kaɗan suna riƙe da nauyin da ya fi ƙarfinsu har tsawon makonni. A tattara duka a ɗaure a ƙeya da roba, a ɗaura ɗankwali tamau, a ɗora gammo, a aza jarkar ruwa mai lita 20, wadda kilo 20 ce cur, a kan kitson jiya. Wace saiwa ce za ta ɗauki wannan?

Mu da muka yi karatun zaure mun san maganar ba baƙuwa ba ce ga fiƙihu. Muslim ya ruwaito cewa Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, ta tambayi Manzon Allah ko sai ta tsefe kitsonta don wankan janaba, ya sauƙaƙe mata. Amma malaman Malikiyya masu sharhi sun sa sharaɗi: in kitson ya yi tsananin da ruwa ba zai ratsa shi ya kai ga fata ba, ko an cika shi da zare, to sai an kwance. Ashe kitson da ya hana yarinya barci, mai yiwuwa shi ne wanda zai sa wankan uwarta cikin shakka. Mun yi mamakin yadda ake karantar da babin wanka a makarantun matan aure shekara da shekaru, ba a cika tsayawa a kan wannan ba.

Maganar makitsiyar nan a zaure ita ce ta fi tsaya mana a rai, domin gaskiya ta faɗa. Talauci ne yake ja, hannunta ɗan aike ne. Uwar da ke lissafin kuɗin garin dawa da gawayi tana son kitson da zai daɗe, makitsiya kuma tana tsoron a ce aikinta ya kwance da wuri a koma wajen wata. Saboda haka faɗa da makitsa ba zai gyara komai ba, sai masu kai sun sauya abin da suke nema. Kitso manya, guda shida ko takwas, ya fi sauri, ya fi araha, kuma uwa ko yaya za ta iya yi da kanta a tsakar gida kamar yadda iyayenmu suke yi. A bar ɗan gashin goshi da na gefen kunne a sake, kada a kama shi. A riƙa sauya tsaga, wanda aka yi baya yau a yi shi gefe gobe, don kada saiwa ɗaya ta yi ta ɗaukar nauyi. In an tsefe a bar kai ya huta kwana biyu ko uku, a wanke shi, a bari ya bushe kafin a rufe. Wadda ta shafa man miƙar da gashi ta jinkirta kitso aƙalla mako biyu, ta kuma sani da yawa daga cikin mayukan nan soda ce a ciki irin ta haɗa sabulu, raɗaɗin da take ji ƙuna ce, ba alamar yana aiki ba. Ma'aunin da ya fi kowanne sauƙi kuwa shi ne bakin mai kan. In ta ce da zafi a sassauta nan take. In an tashi ta kasa kwanciya a kai, ko aka ga ƙuraje a gindin kitso, a tsefe a daren, kuɗin ya tafi. Gashin da aka saki da wuri yakan dawo cikin watanni.

Karkar kuma, wanda muka koya a nan muka riƙe hannu bibbiyu, ba mu da ta cewa a kan amfaninsa ga silin gashi. Man riɗi da kitse suna tausasa shi, suna hana shi karyewa a wannan zafi namu. Amma a lafta shi a fatar kai, ƙura ta hau, gumi ya hau, a rufe mako uku ba wanki, wannan kiwon amosani ne, domin ƙwayar da ke kawo amosani maiƙo take ci. Daga nan sai ƙaiƙayi, sai susa, sai fata ta yi ja tana zogi. A shafa shi a gashi a rage wa fata. Wanda amosani ya dame shi akwai sabulun ruwa mai ketokonazol a saidaliya, a wanke kai da shi sau biyu a mako, a bar kumfar kamar minti biyar kafin a ɗauraye.

Yanzu ga rabin maganar da ta fi nauyin faɗa. Hausawa sukan ce an yi kitso da kwarkwata in aka rufe matsala aka yi ado a kanta. A wurinmu karin maganar ta tashi daga misali ta koma zahiri. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar da aka haifi kakanninmu, mun ji kalmomi iri-iri a kanmu, kuma tun abin da ya faru a watan Yuli na 2022 muka ƙara tsoron duk abin da zai ba wani bakin magana. Saboda haka in kwarkwata ta shiga gida, ko makero ya kama yaro, abu na farko da uwa take yi shi ne ta nemi hula ko ɗankwali. Kada malamin makaranta ya gani, kada maƙwabta su ce ga ƙazantar Hausawa. Mun fahimci wannan tsoro, a cikinsa muka girma. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma cutar ba ta tambayar ƙabila. Cunkoso take bi. Iyalai nawa ne suka kwana a ajin makaranta ɗaya a garin nan, daga mutanen Rusairis da Wad al-Mahi a 2022 zuwa mutanen Sinja a 2024? Tabarma ɗaya, matashi ɗaya, mataji ɗaya yana yawo daga kai zuwa kai. Ko 'ya'yan sarki aka zuba a wannan hali abin da zai same su ke nan. Kwarkwata ba ta ƙin kai mai tsabta, jini take nema.

Wanda yake jin kunyar kwarkwata ya tuna da Ka'abu ɗan Ujrata. Sahabi ne, yana cikin harami a shekarar Hudaibiyya, kwarkwata ta dame shi har tana zubo masa a fuska. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gan shi, bai kyare shi ba, ya ba shi izinin aski da fansa, kuma a kan wannan ne malaman tafsiri suke kawo hukuncin mai cuta a kai da ke aya ta 196 a Suratul Baƙara. Mu jikokin mahajjata ya kamata mu fi kowa sanin wannan. In aka sassauta wa mai harami saboda ciwon kansa, ina dalilin uwar da za ta bar 'yarta cikin azaba don kada kitson Salla ya lalace?

Kwarkwata ba ta da wuyar magani, haƙuri take so. Ƙwanta yana ƙyanƙyashewa cikin mako guda ko fiye kaɗan, shi ya sa wanda ya shafa magani sau ɗaya ya ce bai yi aiki ba. Akwai na shafawa mai suna farmetirin, a maimaita bayan kwana bakwai. In babu, a jiƙa gashi a shafa mai, a bi shi da mataji mai ƙananan haƙora duk bayan kwana uku har mako biyu, kuma a yi wa duk 'yan gida a lokaci ɗaya. Abin da muke roƙo da girman Allah shi ne a nisanci kananzir da maganin ƙwari na gona. Mu manoma ne, kusan kowane gida akwai ragowar maganin feshin auduga ko na riɗi a wani lungu, kuma mun san ana shafa wa yara. Guba ce da ke ratsa fata ta shiga jini, tana iya kashe yaro kafin a kai shi asibiti, balle kan da susa ta riga ta farfasa.

Makero kuwa, wanda maƙwabtanmu ke kira gub, ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, kuma tana shiga cikin silin gashi har saiwa. Nan ne kuskurenmu yake: duk abin da aka shafa a sama ba ya isa inda take. Mun ga an goga tafarnuwa har fata ta saluɓe, an sa toka, an sa ruwan batir. Mun ga an sayo ɗan kirim a cokali daga shagunan gadar zurufak, irin wanda mata ke haɗawa don hasken fata. Wannan yakan kwantar da ja da ƙaiƙayi kwana kaɗan har a yi murna, alhali ƙarfin jiki ya danne, cutar kuma ta samu fili. Maganin makeron kai na sha ne, wanda aka fi sani shi ne girisofulbin, mako shida zuwa takwas ba fashi, da madara ko abinci mai maiƙo, gwargwadon nauyin yaro kamar yadda likita ya auna, mai ciki kuma ba ta sha. In wurin ya kumbura ya yi laushi yana fitar da ruwa, har kaluluwa ta fito a wuya, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Kama da maruru ya yi, amma ba shi ba ne, tsagawa tabo kawai za ta ƙara. Malaman makarantun allo kuma, Allah ya saka musu, su duba askar da ke bin kawunan almajirai ɗaya bayan ɗaya ranar Alhamis. Reza ba ta kai kuɗin magani ba, kuma ban da makero akwai ciwon hanta da ke bin jini a bakin aska.

Wanzami ba ya son jarfa, amma dole mu maza mu juyo kan namu. Mu da furfura ta fara kamawa mun san sibga, baƙin rinin nan da ake sayarwa gari ko dunƙule kamar dutse, wanda mata ke zubawa a lalle don ya yi baƙi, mu kuma muke shafawa a kai da gemu ranar da za mu nemi ƙarin aure. Asibitocin Khartum sun daɗe da sanin wannan abu, domin wanda ya sha shi wuyansa kan kumbura numfashi ya toshe, ƙoda ta tsaya. A fata kuwa, mutum yana iya shekaru yana shafawa lafiya, rana ɗaya jiki ya ƙi shi: kai ya ɗauki zafi, ya yi ruwa, fatar ido ta kumbura. In jiki ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi ke nan har abada, kuma na gaba yakan fi na baya muni. Mai Risala ya riga ya ambaci karhancin rina gashi da baƙi, ya bar mana lalle. Wanda ya ga ba zai iya bari ba, aƙalla ya ɗiga kaɗan a bayan kunne ya jira kwana biyu ya gani. Matasa masu son aski ƙwal kuma, ƙurajen nan masu tauri da ke fitowa a ƙeya daga kankare gashi har ƙasa suke, in aka ci gaba sukan haɗe su zama tudu. A bar wa ƙeya ɗan gashi.

Akwai wani nau'in da ba ja ba ne, ba kuma cuta ba. Mata da yawa sun ce wata biyu ko uku bayan gudu, ko bayan haihuwa, ko bayan zazzaɓin malariya ko taifod mai tsanani, sai gashi ya yi ta biyo mataji dunƙule-dunƙule, fatar kai tana zafi ko iska ta taɓa ta. Likitoci sun san wannan. In jiki ya sha wuya ko ya firgita, saiwoyi da yawa sukan tsaya da aiki lokaci ɗaya, sai daga baya gashin ya zube. Tsohon abu ne: Bukhari ya kawo labarin matar da ta zo wa Annabi a kan 'yarta amarya wadda ƙyanda ta zubar wa gashi. Irin wannan yakan dawo da kansa cikin watanni in jiki ya samu abinci da kwanciyar hankali, sai dai in akwai ƙarancin jini, wanda gwaji kaɗan ke nunawa. Abin da ke ɓata shi shi ne a yi saurin rufe gurbin da gashin roba a kan saiwar da ta riga ta gaji. Mijin irin wannan mata ya kame bakinsa daga zolaya. Ya nemo mata wake da hanta in da hali.

Abu biyu kuma ba sa jiran gobe. Dattijo ko tsohuwa da ta haura hamsin, in sabon ciwon kai ya kama ta a gefe tsakanin ido da kunne, taje kai ko ɗaura ɗankwali ya zama azaba, muƙamuƙi yana gajiya in ana tauna, ko gani ya fara dushewa, a kai ta asibiti a ranar. Jijiyar jini ce ta kumbura, tana iya tafiya da ido cikin kwanaki, in ya tafi kuma ba ya dawowa. Haka wanda ya ji ƙuna a ɓangare ɗaya na kai ko goshi, sa'an nan ƙuraje masu ruwa suka fito a jere ba su ƙetare tsakiya ba, wannan ita ce hizamun nari, maganinta ya fi aiki a cikin kwana uku na farko, kuma in ta kusanci ido ba a wasa da ita.

Yarinyar da aka kawo ƙara a kanta ta sha maganinta wata biyu, ita da ƙanenta. Tsakiyar kan ya fara baƙi, goshin dama ma haka. Na hagu har yanzu likita ya ce a jira a gani. Uwarta ta je ta ba maƙwabciyarta haƙuri a gaban mata, amma magana zarar bunu ce, wasu gidajen ba su mayar da 'ya'yansu ba har yau. Dattijo ya umarce mu mu rubuta wa limaman unguwanni da malaman makarantun matan aure su taɓo wannan batu in sun zo babin wanka, mun kuwa rubuta, wannan da kuke karantawa daga cikin takardar aka faɗaɗa shi. Ranar Alhamis da ta wuce kuma ya tura wa makitsiyar jikokinsa biyu da kuɗinsu a hannu, ya ce a yi musu kalaba manya, in ɗayarsu ta ce wayyo a sassauta.